Wasiyya ta Bayan Labule

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu. Sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma yammacin da surukina ya durƙusa a bayan labulen ƙofata ya bar min wasiyya, da abin da ya biyo bayanta, wannan kam sai dai a binne ni da shi. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, jikata ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata. Sai dai duk unguwarmu ta New Bell a nan Duwala an san ni da riƙe magana. In aka yi gardamar wa ya girmi wa, ko wa ya fara gini a layinmu, wurina ake zuwa, abin da na faɗa kuma shi ke nan. Da wannan nake taƙama, har yau ma ban daina ba, ko da yake na ga iyakarsa.

A nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ya bar ni da tukunyar tuwo a ƙofar gida. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya su ne masu cin abincina. A cikinsu akwai wani saurayi siriri daga wajen Katsina, wansa ke aiko masa da buhunan albasa yana sayarwa. Ya kama haya a ɗakin zaurenmu. Ba ruwansa da kowa, amma ni da shi kullum cikin tsiya muke. Ya ce Hausarmu ta Duwala ta sha ruwan teku ta lalace, ni kuma in ce masa ƙato da shi yana gudun ruwan sama kamar akuya. Ranar da na fara ba shi bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, sai da ya sansana ya ce, “Inna, wannan ci ake yi ko wanki?” Daga baya shi ke cinye na gidan.

Sai ya nemi autata, na ba shi. Daga ranar da aka ɗaura aure tsiya ta ƙare. Mutumin da ke zama a kan bencina yana miƙe ƙafa ya koma cire takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa a bayan labule, ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Ni ma in ja gyale in rufe fuska ko da ba ya ganina. Haka muka tarar ana yi, kuma ina alfahari da cewa surukina ya san kunya, ba irin 'yan boko masu miƙo wa uwar matarsu hannu ba.

Allah ya ba su ɗa namiji, sai mace. Namijin nan shi ne maigidana. Tun yana rarrafe yake jan zanina, da ya yi baki kuwa na shiga uku. “Tsohuwa, miyar nan ba gishiri, sakinki zan yi.” In ce, “Tafi can, mai kunnuwa kamar faranti, ko sisin cefane ba ka taɓa ba ni ba.” Kansa na ja ƙwarai, a lakwal shi ke gaba. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. Amma ni da ke tashi hura wuta na sha ganinsa yana goge wa yaron takalmin makaranta da gefen rigarsa, ya ajiye a inda ya ɗauka, ya wuce masallaci kamar ba shi ba.

Wata damina wani abokinsa na kasuwa ya faɗi ya mutu, sa'ansa ne, ko furfura ɗaya babu. Dangi suka zo daga arewa, bayan sadakar bakwai suka raba 'ya'yan a tsakaninsu, wannan ya ɗauki biyu, wancan ɗaya, matar ta koma gidansu hannu wofi. Ranar da suka tafi, bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar layinmu ta cika ta shigo tsakar gida. 'Yata ta tafi awo, lokacin tana ɗauke da cikin na uku. Babban ɗana yana wajen aikinsa a wani biro, wato ofis, a unguwar Basa. Gidan ba kowa sai ni. Na ji sallama a ƙofata. Ta ƙarƙashin labule na hango ƙafafunsa duk taɓo.

Muka gaisa. Can ya yi gyaran murya ya ce, “Inna, magana ce da ni, kuma tana da nauyi.”

Na ce, “Allah ya sa lafiya.”

Ya ce, “Lafiya lau. In ta Allah ta kasance a kaina, ina so babban ya zauna a nan wajen uwarsa ya ƙare karatunsa. Kawunsa na Basa shi zai tsaya a kansu, shi na ba amanarsu. Yayana mutumin kirki ne, amma ya sha faɗa cewa da yaron ya tasa zai ɗauke shi ya koya masa kasuwa. Ni kuwa na ga abin da rashin karatu ya yi min a garin nan. A miƙo maka takarda, ka riƙe ta a juye, yaro ƙarami yana maka dariya. Ba na son ya gaje ni a wannan.”

Na ce, “Ka faɗa wa ita mai ɗakin?”

“A halin da take ciki? Ai sai ta kwanta ciwo.”

“To, ka je wurin liman. Ka samu maza biyu ka faɗa a gabansu. Wannan ba maganar mace ɗaya ba ce a bayan ƙyalle.”

Sai ya yi 'yar dariya mara daɗi. “Inna, in na tara maza na ce na fifita wan matata a kan yayana uwa ɗaya uba ɗaya, kafin magariba maganar ta isa gida ta waya. Shi ya raine ni, shi ya ba ni jari. Da wane ido zan kalle shi? Ga 'yan kasuwa, su ce yaro ƙarami yana kiran mutuwa. Ke dai kin isa. Duk garin nan wa zai ƙaryata ki?”

Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa ƙaryata ni ba. Duk da haka na sake ce masa ya nemi shaidu. Ya ce to, bayan Babbar Sallah in kasuwa ta lafa. Da ɗan cikina ne, da na fito na kama hannun rigarsa na ja shi cikin ruwan nan har ƙofar liman. Amma suruki ne. Ba a ɗaga masa labule, ba a maimaita masa magana sau uku. Na ga ƙafafun sun juya, na ji ƙarar takalminsa a cikin ruwa.

Da ɗana ya dawo na kwashe duka na faɗa masa. Ya ce abu ne mai sauƙi, akwai wanda ake kira noter, aikinsa ke nan, ya rubuta abin da mutum ke so a yi bayan ransa, ya buga hatimi, ba mai tayarwa. Ya je ya samu mijin ƙanwar tasa da maganar. Surukina ya mai da abin wasa, dama Mushe yake kiransa, wato yallaɓai a bakin Faransawa, saboda lakwal da ɗamarar wuya. “Haba Mushe, sauri kake in tafi? Bari in sayar da albasar nan tukuna.” Shi ma ɗan nawa bai matsa ba, don kar a ce shi ke neman a ba shi riƙo. Sallah ta zo ta wuce. Aka haihu, aka yi suna. Wata damina ta sake zagayowa. Duk sanda surukin nawa ya zo gaisuwa in ce, “Maganar nan fa?” Ya ce, “Tana raina, Inna.” Kowa na jin nauyin kowa, kwanaki na tafiya.

Wata rana da hantsi aka zo aka faɗa mana. Surukina ya hau bansikin, babur ɗin hayan nan, zai je karɓar kaya, a mahaɗar Ndogbong wata babbar mota da ta fito daga Basa ta bi ta kansu. Ko asibiti bai kai ba. Ba zan ba ku labarin wannan rana ba, na gaji da ba da shi. Maƙwabtanmu da ba Hausawa ba suna ta shigowa suna cewa ashiya, ashiya, sannunsu ke nan, ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙafafun nan masu taɓo.

Wansa ya iso bayan an binne. Na so a ce mugu ne, da na samu wanda zan tsana. Dattijo ne mai sanyin hali, kamarsu ɗaya har tafiya. Ya zo da gero da man shanu, ya zauna a zaure yana kuka kamar mace. Ya biya duk wanda ya ce yana bin mamaci, bai nemi shaida ba. Ya zauna har sadakar arba'in, washegari aka taru a tsakar gidana: liman, dattawan unguwa, shi, da ɗana. 'Yata na ɗakinta cikin takaba. Ni ina zaune a bayan labulen nan dai.

Maganar kaya ba ta ɗau lokaci ba, liman ya raba yadda addini ya ce, ba wanda ya yi gardama. Ya ce ƙananan biyu suna wajen uwarsu, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Sai wan ya ce, “Babban kuwa ya kusa zama mutum, ni ne ubansa yanzu. Zan tafi da shi. Tsohuwarmu idonta ya tafi, tun da aka faɗa mata ba ta ce komai ba sai a kawo mata ɗan ɗanta ta shafa kansa. In na bar shi a nan, me zan ce wa ƙanena ranar gobe?”

Liman ya ce, “Mamaci ya bar wasiyya a kan wanda zai tsaya wa 'ya'yansa? In ya naɗa wani, wanda ya naɗa shi ke gaba da kowa.”

Na ce, “Ya bari. A wurina.”

Na faɗa musu tun daga sallamarsa. Ban ƙara ba, ban rage ba, har inda ya yi gyaran murya, har dariyar. Ina da wannan baiwar, in na maimaita maganar mutum sai ka ce shi ne a wurin. Da na kai wajen takardar da ake riƙewa a juye, na ji wan ya ja numfashi ya ce, “Wallahi bakinsa ne wannan.” Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai ya ce, “Inna, ban ƙaryata ki ba, Allah ya tsare ni. Amma wa ke wurin?”

Na ce, “Ni, da Allah, da ruwan sama.”

Wani tsoho mai goro a baki, wanda tun muna yara ba ma shiri, ya ce, “To a kira ruwan saman mana. Kin ma ga fuskarsa kuwa?”

Na ce, “Ni ba irin gidanku ba ce da ake zama da suruki ana cin gyaɗa. Ƙafafunsa na gani, kuma na san su.”

Aka yi 'yar dariya, liman ya tsawatar. Ya sassauta murya ya ce, “Hajiya, ba wanda bai san ki ba a nan. Ni kaina na yarda ya faɗa. Amma duba: yaron jikanki ne, wadda za a bar wa shi 'yarki ce, wanda aka ce an ba amana ɗanki ne. Shi ɗan naki ma daga bakinki ya fara ji, da ya tambayi mamaci kuma wasa ya mayar masa. Ko namiji ce ke, maganarki ita kaɗai ba za ta tsaya a nan ba. Da mutum biyu ne daga waje, ko rubutu da hannu a kai, da ban bari an yi dogon zance ba.”

Shekara nawa ina raba gardama a unguwar nan, ranar da maganata ta fi kowace rana amfani, ranar ce ba ta da nauyin ƙwayar gero. Kuma ba zan ce liman ya zalunce ni ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ɗana ya miƙe, ransa ya ɓaci, bakinsa ya juye Faransanci kamar yadda suke yi in sun hasala. Na tsinci tiribinal a ciki, wato kotu. Wan ya ce, “Yi min Hausa, ɗan'uwa, in ji laifina.” Ɗana ya ce a dokar ƙasar nan ba mai raba ɗa da uwarsa, gobe zai shigar da ƙara. Dattawa suka hau salati. Sai muka ji muryar 'yata daga ɗaki, wadda tun rasuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, ka bari. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ba zan tsaya gaban alƙali da wansa ba. Yaran nan ba su da wasu dangin uba sai su. In na yi shari'a da su yau, gobe wa zai ɗaura wa ƙanwar yaron aure?” Sannan ta ƙara da cewa, “Da dai ya faɗa min.”

Wan ya matso kusa da labule ya durƙusa daidai inda ƙanensa ya durƙusa. Ya ce, “Inna, da ya kira ni ya faɗa min da bakinsa, zan ji zafi kwana biyu in haƙura. Da ya bar ko layi ɗaya, wallahi ko hannun yaron ba zan riƙe ba, in je in nuna wa tsohuwa da sauran dangi in ce ga abin da ya ce. Amma in koma hannu wofi in ce surukarsa ce ta ce ya ce? Ba za su bar ni in zauna a garin ba.” Wato duk kunyar da surukina ya ji, ta mutumin da zai haƙura cikin kwana biyu ce.

Da safe suka tafi. Maigidana ya rataya jakarsa ta makaranta, ya cusa littattafai har ba ta rufuwa, ya bar rigar lakwal a jikin ƙusa ya ce kar a taɓa, hutu kawai zai yi. Ba wanda ya iya gyara masa zancen. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Tsohuwa, kar ki yi wani mijin kafin in dawo.”

Na ce, “Wa zai jira ka? Kafin ka kai tasha an ɗaura.”

Ya yi dariya, ya bi bayan baffansa. Na koma ciki na zauna. Ranar ban ɗora tukunya ba, masu cin tuwo suka zo suka koma.

Ba a wulaƙanta shi ba, kar in ɗauki alhaki. Baffan ya riƙe shi kamar nasa, har makaranta ya sa shi da ya ga yana so. Sai dai can da Ingilishi ake karatu. Yaron da ke gaba a aji aka mai da shi cikin ƙananan yara, suna masa dariya in ya buɗe baki. Ya daure shekara ɗaya, ya ce ya gaji, ya bi baffansa kasuwa. Yanzu magidanci ne, da matarsa da 'ya'yansa, shi ke aiko da albasa Duwala. Yana kirana a waya ranar Juma'a. “Kaka, ina wuni, ya ƙarfin jiki?” Da ladabi, da Hausar Katsina tsantsa. Ina jira ya ce zai sake ni, bai ƙara faɗa ba. In takardun kan iyaka suka zo masa da dogon Faransanci, hotonsu yake ɗauka ya turo wa ƙanwarsa ta karanta masa. Duk sanda na ga tana karantawa sai in tashi in ba su wuri.

Ƙanwar tasa ita ce mai rubuta wannan. Bara ta haihu, ɗan fari. Mijinta, yaro mai hankali, suna zaune a unguwar Koto, ya zo gaishe ni bayan suna. Ya cire takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa a bayan labule. Na dubi ƙafafunsa ta ƙasa. Na dafa bango na miƙe, na kama labulen na fizge shi har da igiyar. Yaron ya kusa faɗuwa da baya.

Na ce, “Ɗago ka dube ni. In ka mutu gobe, wa zai riƙe ɗan nan?”

Ya ce, “Subhanallahi, Kaka, ai yanzu muka fara…”

Na ce, “Wanda ya riga ka durƙusawa a nan ma yanzu ya fara.”

Ban bar shi ya tashi ba sai da aka kira matarsa, aka kira liman da wani maƙwabci, ya faɗa a gabansu, ya kira wansa a waya ya faɗa masa muna ji. Wan ya yi ɗan fushi, zuwa Juma'a ya huce. A satin ɗana ya kai su wurin noter aka rubuta. Matan layinmu suka ce tsufa ya cire min kunya. Na ce su faɗa, na ji.

Labulen yana nan a ƙasan akwati, ban mayar ba, ba ni da ƙarfin hawa kujera ma. Abin da na koya ban koye shi da arha ba, shi ya sa nake ba ku kyauta. Ku masu ƙananan yara, kar ku ce sai kun tara abin duniya za ku yi wasiyya, yaran nan su ne abin da za a raba. Ku faɗi wanda zai riƙe su tun kuna da ƙafar zuwa, matanku su ji, danginku su ji ko ransu zai ɓaci, mutum biyu na waje su ji, a rubuta a sa hannu. Faɗar ba ta kashe kowa. Kar ku bar wa tsohuwa ita kaɗai, ko da ta kai ni riƙe magana. Ni na riƙe tawa, ko kalma ɗaya ba ta zube ba, ga ta nan har yau a kaina. Yaron ne dai ban iya riƙewa ba.